Sunan Yanka da Laƙabi: Yadda Ake Zaɓen Magani Mai Sauƙin Kuɗi Ba Tare da an Sayi Jabu Ba

Kawuna ya shekara tara yana shan maganin hawan jini. A ƙarshen 2023, sa'ilin da farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, sai ya ɓullo da wata dabara wadda bai gaya wa kowa ba. Ƙwayar da likita ya ce a sha kullum, shi sai ya sha yau ya ƙetare gobe, don kwali ɗaya ya kai shi wata biyu. Matarsa ce ta tona masa asiri, bayan ciwon kai ya matsa masa. Na je na same shi a zaure, na ce, "Kawu, ai akwai irinsa mai sauƙi, kuɗinsa bai kai sulusin wannan ba." Ya harare ni ya ce, "Kai yaro, araha ba ta ado. Ni orijinal nake sha, ba na shan ɗan Indiya."

Na karɓi kwalin na juya shi. An rubuta Norvasc da manyan haruffa, a ƙarƙashinsa kuma da 'yan ƙanana an rubuta amlodipine 10mg. Na zaro wanda na sayo masa a famasi, shi ma amlodipine 10mg, sai dai kwalin ba shi da ƙyalli, kamfanin ma Kawu bai taɓa jin sunansa ba. Na jera masa rubutun biyu. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "To in dai abu ɗaya ne, me ya sa wancan ya fi tsada?"

Amsar da na ba shi a zauren nan ita ce zan faɗaɗa a nan, tare da abubuwan da ban samu sukunin gaya masa ba ran nan.

Suna biyu, magani ɗaya

Kusan kowane maganin asibiti sunansa biyu. Akwai sunan yanka, wato sunan sinadarin da ke yin aikin a jiki. Wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ce ke raɗa shi tun 1953, don likitan Kano da na Maradi da na Landan da na Mumbai su fahimci juna. Sannan akwai laƙabi, wanda kamfani ke ƙirƙira don kasuwa. Paracetamol sunan yanka ne, Panadol laƙabi. Metronidazole sunan yanka ne, Flagyl laƙabi. Haka metformin da Glucophage na masu ciwon suga, salbutamol da Ventolin na masu asma, ibuprofen da Brufen, furosemide da Lasix. Zan riƙa rubuta sunayen kamar yadda suke a jikin kwali, tunda a can za ka neme su.

Mu kuwa mun saba laƙabi ya cinye suna. Duk garin wanki omo ne, duk dunƙulen miya magi ne, duk man goge baki makilin ne. A cefane wannan ba ya cutar da kowa. A wurin magani kuwa, wanda bai san sunan yanka ba sai ya biya kuɗin laƙabi, wani lokacin ninki uku, wani lokacin ninki goma.

Dalilin tsadar ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da ya fara gano magani yakan shafe shekaru yana gwaji, a kan dabbobi, sannan a kan dubban mutane, kuma mafi yawan abin da ya gwada faɗuwa yake yi tun kafin ya kai kasuwa. Don ya mayar da kuɗinsa, doka takan ba shi haƙƙin mallaka na shekara 20 daga ranar da ya yi rajistar abin da ya gano. A cikin wannan wa'adi ba mai yin maganin sai da izininsa, shi ke yanka farashi yadda ya so. Da wa'adin ya cika, ƙofa ta buɗe: duk kamfanin da ya iya, kuma hukuma ta yarda da shi, zai iya sarrafa wannan sinadari. Irin wannan shi ake ce wa jenerik. Masu yin sa ba su biya kuɗin bincike ba, ba sa yawan talla, ga shi kuma suna da yawa suna gasa da juna, dole farashi ya sauko. Amlodipine ɗin Kawu, wa'adinsa ya cika a Amurka tun 2007. Metformin kuwa tun 1957 aka fara ba marasa lafiya shi a Faransa. Wanda ke biyan kuɗi mai yawa a kansu yau, suna da kwali yake saya.

Duk mai shakkar amfanin wannan tsari ya tuna da cutar ƙanjamau. A shekarar 2000, haɗin magunguna uku da ke riƙe ran mai cutar yakan ci sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya ce zai bayar da shi a kan dala 350, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. Miliyoyin 'yan Afirka da ke karɓar maganin nan kyauta a asibitoci yau, galibinsu ɗan Indiyan da Kawu ke rainawa suke sha, kuma suna raye. A Amurka ma, inda manyan kamfanonin suke, kusan takarda 9 cikin 10 da likitoci ke rubutawa jenerik ake ba mai ita.

Kama da wane

Na san abin da mai karatu zai ce: kama da wane ba ta wane. Gaskiya ne, shi ya sa ba a barin kamfani ya ce kawai "nawa ma irinsa ne". A ƙa'idar da manyan hukumomin magunguna ke bi, akan samu mutane masu lafiya, galibi 24 zuwa 36, a ba su na asalin, bayan wasu kwanaki a ba su sabon, ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci ana auna yawan maganin da ya shiga da saurin shigarsa. Sai sakamakon biyu ya zo kusa da juna cikin iyakar da aka gindaya kafin a yarda. Hukumar magunguna ta Amurka ta taɓa tattara irin wannan gwaji sama da 2,000 da aka yi tsakanin 1996 da 2007, ta tarar matsakaicin bambancin bai wuce kusan kashi 4 cikin 100 ba.

Abin da aka yarda ya bambanta shi ne launi, siffa, ɗanɗano da abubuwan cikon da ake haɗa ƙwaya da su, kamar sitaci. Na wancan kamfani fari ne zagayayye, na wannan rawaya ne dogo, amma abin da ke ciki ɗaya.

Sai dai a nan dole a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Ƙa'ida daban, bin ta daban. A 2013 kamfanin Ranbaxy na Indiya ya amsa laifi a kotun Amurka kan sayar da magunguna marasa inganci da yi wa hukuma ƙarya, ya biya dala miliyan 500. A 2008 a nan Najeriya ruwan maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84, saboda an haɗa shi da sinadari mai lalata ƙoda. A 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya bayan shan ruwan maganin tari da aka shigo da shi daga Indiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa magani 1 cikin 10 a ƙasashe irin namu ko dai jabu ne ko bai kai inganci ba. Saboda haka tsoron Kawu yana da tushe. Kuskurensa shi ne ya haɗa abu biyu ya ƙulle wuri ɗaya: jenerik na halak mai rajista, da jabu wanda aka yi a bayan gida.

Kuma sayen mai tsada ba ya fitar da kai daga wannan rami. Mai buga jabun kuɗi ba ya wahalar da kansa da naira biyar, dubu yake bugawa. A 2012 jami'an kwastan na Angola sun kama fakiti miliyan 1.4 na jabun maganin zazzaɓin cizon sauro mai suna Coartem an ɓoye a cikin lasifikoki. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shelar jabun Augmentin yana yawo a Kamaru. Duk sunan da ya fi tashe kuma ya fi tsada, shi ɓarayi suka fi kwaikwayo.

Tun daga ɗakin likita

Aikin yana farawa ne kafin ka isa wurin mai magani. Idan likita na rubuta maka takarda, ka ce masa cikin ladabi, "Likita, don Allah a sa mini sunan sinadarin, don in samu mai sauƙi." Wannan ba rashin kunya ba ne, manufar magunguna ta ƙasa ma abin da ta tanada ke nan. Ka ƙara da tambaya ɗaya: "A cikin waɗannan akwai wanda ba a so in canza kamfaninsa?" Ka kuma gaya masa ƙarfin aljihunka tun a nan. Mutanenmu kan ji nauyin cewa ba su da hali, su karɓi takarda su ce to, su fita su sayi biyu cikin huɗu, su bar wanda ya fi muhimmanci don shi ya fi tsada. Likita ba duba yake yi ba. In ka faɗa masa, sau da yawa yana da wani zaɓi.

A wurin sayen, abu huɗu za ka gwama tsakanin wanda aka rubuta da wanda aka miƙo maka.

Sunan yanka shi ne na farko, kuma ka karanta shi har ƙarshe, don wasu magungunan tagwaye ne. Augmentin haɗin amoxicillin ne da clavulanic acid. In aka ba ka amoxicillin zalla aka ce ai duk ɗaya ne, an rage maka rabin aikin. Wasu magungunan hawan jini ma sinadari biyu ne a ƙwaya ɗaya, dole duka biyun su bayyana a sabon kwalin.

Sai ƙarfi, wato lambar da ke gaban suna. A nan aka fi yin ɓarna, musamman a maganin zazzaɓin cizon sauro. Coartem, Lonart da Amatem duk artemether ne da lumefantrine, amma akwai mai 20/120, akwai mai 80/480. Babban mutum in mai 20/120 aka ba shi, ƙwaya huɗu yake sha a kowane lokaci, 24 ke nan cikin kwana uku. In mai 80/480 ne, ƙwaya ɗaya ce a kowane lokaci, shida ke nan. Wanda ya saba da ɗaya-ɗaya aka canza masa zuwa mai 20/120 ya ci gaba da shan ɗaya, rubu'in magani ya sha, gobe kuma ya ce na wannan kamfanin ba shi da kyau. A ruwan maganin yara ma haka: amoxicillin akwai mai 125mg a cikin 5ml, akwai mai 250mg a cikin 5ml. Kwalba iri ɗaya, cokali iri ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya. Iyaye mata, kada a auna da tsohon sabo, a tambaya a kowace sabuwar kwalba.

Na uku siffa: ƙwaya ce, kafso ne, na ruwa ne, ko na shafawa. Wannan a bayyane yake.

Na huɗun shi ne wanda ido kan tsallake. Wasu 'yan haruffa ne a bayan suna: SR, XR, CR, LA, ko kalmar Retard. Ma'anarsu an gina ƙwayar ta riƙa sakin magani a hankali, tsawon yini. Metformin 500mg da metformin XR 500mg ba a shan su iri ɗaya. Nifedipine mai saki a hankali in aka musanya shi da mai saki nan take, yana iya faɗar da jini farat ɗaya. Irin waɗannan ƙwayoyi ba a daka su, ba a tauna su, ba a kuma raba su biyu sai an tambaya. In takardarka na da haruffan nan, sabon kwalin ma ya zama yana da su.

Idan huɗun nan sun dace, to magani ɗaya ne a takarda. Saura ka tabbatar abin da ke cikin kwalin shi ne abin da aka rubuta a bayansa.

Inda aka saya ya fi sunan da aka saya

In da za a ce in zaɓi shawara ɗaya tak a duk wannan rubutu, wannan zan ɗauka. Famasi mai rajista yana da masanin haɗa magunguna wanda ya yi karatun abin a jami'a, da lasisin PCN, hukumar da ke kula da harkar famasi, a rataye a bango. Kemis na unguwa shi ma yana da nasa lasisin, amma na sayar da ƙananan magunguna ne da ba sa buƙatar takardar likita. Maganin hawan jini, na suga, na farfaɗiya, waɗannan na famasi ne ko na asibiti. Mai tallan magani a faranti ko a bayan keke, wanda rana ke dukan kayansa tun safe a tasha, ko orijinal ne a hannunsa zafin bazara ya riga ya taɓa shi. Yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu muna haura 40.

Ba a banza ba ne hukumomi suka dage a tashi kasuwar magani ta Sabon Gari a Kano. A Fabrairun 2024 NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da PCN sun rufe shaguna sama da 1,000 a yankin, suka ce masu sari su koma cibiyar da aka gina a Dangwauro kan titin Zariya, inda jami'ai za su iya sa ido kan abin da ke shiga da fita. 'Yan kasuwa sun yi ƙorafi, wasu koke-kokensu ma abin dubawa ne, amma magani ba atamfa ba ne da za a jibge a rumfar kwano.

Ka samu famasi ɗaya ka riƙe. Mai famasin da ya san ka, ya san za ka dawo wata mai zuwa, ba zai so ya ba ka abin da zai zubar masa da mutunci ba. Ka tambaye shi kai tsaye: "A cikin masu sauƙin nan, wanne za ka ba mahaifinka?" Na sha yin wannan tambaya, kuma ba a cika nuna mini mafi arha duka ba, ba a kuma nuna mini mafi tsada. Na tsakiya ake ɗaukowa, na kamfanin da ya daɗe kuma yana da sunan da zai kare. Nawa ra'ayin ma ke nan. In amlodipine iri biyar ne a kanta, huɗu farashinsu kusa da juna, na biyar kuma kamar kyauta, ka bar na biyar ɗin. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Kafin ka biya, juya kwalin a hannunka. Nemi lambar rajistar NAFDAC. Da yake ita ma ana iya buga ta ta ƙarya, hukumar tana da kundi a intanet mai suna Greenbook, inda za ka sa lambar ko sunan maganin ka ga ko sunan, ƙarfin da kamfanin sun yi daidai da abin da ke hannunka. Duba sunan masana'anta da cikakken adireshinta. Kwalin da ya ce kawai an yi shi a ƙasa kaza, ba gari ba titi, abin zargi ne. Duba ranar da aka yi shi da ranar lalacewarsa, da lambar rukuni wadda ake rubuta Batch No. a gabanta. Buɗe kwalin ka ga ko lambar da ranakun da ke jikin katin ƙwayoyin sun dace da na waje. Kuskuren rubutu, fenti mai gogewa da yatsa, ƙwaya mai marmashewa ko wadda launinta ya rabu biyu, duk dalilan mayarwa ne.

Magungunan zazzaɓin cizon sauro da na kashe ƙwayoyin cuta da yawa suna da wani ɗan fili mai ruwan azurfa da ake kankarewa kamar katin waya. Tun 2010 aka fara wannan tsari a Najeriya. Ka kankare, ka tura lambar ta saƙon waya zuwa inda aka rubuta a kwalin, kyauta ne, amsa za ta zo ko na gaske ne. A gaban mai shagon za ka yi, kada ka bari sai ka je gida. Wanda aka riga aka kankare kuwa kada ka karɓa.

Batun "na gida" da "na waje" kuma, kada ka yi hukunci da ƙasa. A shekarun baya NAFDAC ta sha faɗin cewa kusan kashi 70 na magungunanmu shigo da su ake yi, kuma sinadaran da kamfanonin duniya ke aiki da su, har da na Turai, kaso mai yawa daga Indiya da Sin yake fitowa. A Indiya akwai masana'antun da ke sayar wa Ingila da Amurka, akwai kuma na banza. A gida ma haka: a 2023 kamfanin Swipha na Legas ya samu amincewar Hukumar Lafiya ta Duniya kan ƙwayar zinc da ake ba yara masu gudawa. Masana'anta ake tambaya, ba tuta ba.

Waɗanda ba a wasa da canjinsu

Akwai 'yan magunguna da tazarar da ke tsakanin abin da zai yi aiki da abin da zai yi illa siririya ce ƙwarai, har ɗan bambancin da ba ya damun kowa a paracetamol yana iya zama matsala. Na gaba-gaba su ne magungunan farfaɗiya. Tun 2013 hukumar magunguna ta Birtaniya ta ba da shawarar mai shan phenytoin, carbamazepine, phenobarbital ko primidone ya tsaya a kan na kamfani ɗaya. Haka ake taka-tsantsan da warfarin mai tsinka jini, levothyroxine na masu matsalar maƙoƙo, digoxin na zuciya, lithium na masu taɓin hankali, da magungunan da ake ba wanda aka yi wa dashen ƙoda, irin su tacrolimus da ciclosporin.

A lura, ba ana nufin dole sai mai tsada ba. Mutum zai iya farawa da jenerik ya zauna a kansa lafiya lau. Yawon canji ne ba a so, yau na wannan kamfani, wata mai zuwa na wancan. In canjin ya zama dole, kamar yadda ya faru da mutane da yawa bayan kamfanin magunguna na GSK ya sanar da daina harkarsa ta kai tsaye a Najeriya a Agustan 2023, a yi shi da sanin likita, a kuma yi awon jinin da ya dace bayan canjin.

Masu allurar insulin su ƙara kula. Akwai mai ƙarfin 40, akwai mai ƙarfin 100 a kowane mililita, kowanne da sirinjinsa. Wanda ya zuƙi mai 100 da sirinjin 40 ya yi wa kansa ninki biyu da rabi, suga kuma na iya faɗuwa har ya suma. Insulin ba a canza shi a bakin kanta.

Bayan an canza

Ranar da ka kawo sabon, ka kawar da tsohon daga inda mara lafiya zai gani. Wata gwaggona ta taɓa haɗa biyun tana sha har kwana goma, fari da safe, rawaya da dare, a zatonta ƙarin magani aka yi mata. Sai da ƙafafunta suka kumbura, jiri ya hana ta tsayuwar salla, sannan aka duba aka ga duk amlodipine ne. Tsofaffinmu da launi suke gane magani, "ƙaramin farin nan" da "jan nan na dare". In launi ya canza, ka zauna ka yi bayani, ka sa alama da biro a sabon kwalin. Wannan haɗari yana nan a paracetamol ma: mutum ya sha Panadol don ciwon kai, ya ƙara da Procold don mura, bai san shi ma da paracetamol a ciki ba. Babba kada ya wuce gram 4 a yini, fiye da haka hanta ce ke biya.

Daga nan sai ka bar awo ya yi hukunci. Mai hawan jini ya auna jininsa kafin canji, ya riƙa aunawa yana rubutawa tsawon mako biyu zuwa huɗu. Mai suga ma haka. In lambobin sun tsaya inda suke, magana ta ƙare, ko da zuciya na raya maka tsohon ya fi. Zuciya tana da nata aikin a nan. A 1981 an yi wani gwaji a Ingila da mata 835 masu ciwon kai: aspirin iri ɗaya, wasu aka ba su a kwali mai sanannen suna, wasu a kwali mara suna, kuma na kwali mai suna suka fi cewa sun ji sauƙi. Wannan ne ma ya sa nake ɗaukar ƙorafin "maganin inshora ba ya aiki" da taka-tsantsan. Tsarin inshorar lafiya da jenerik yake aiki, ma'aikaci ya biya kashi 10 na kuɗin, sai sauƙin kansa ya sa a raina shi.

Kafin ka ɗora wa kamfani laifi, binciki kanka. In maganin zazzaɓi ne, an yi gwaji an tabbatar zazzaɓin na cizon sauro ne? An sha sau shidan nan cif, na biyu bayan awa takwas da na farko? An sha da abinci mai maiƙo ko madara, wanda lumefantrine ke buƙata kafin ya shiga jini sosai? Ruwan amoxicillin da clavulanic acid na yara, bayan an haɗa shi an sa a firji, an kuma zubar da ragowar bayan kwana bakwai? In duk an kiyaye amma ba sauƙi, ko ƙuraje da ƙaiƙayi suka fito, ka koma wurin likita da kwalin a hannu, kada ka jefar da shi, don lambar rukunin da ke jiki ita ce shaida. Ana iya kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha ko ta manhajar Med Safety a waya.

'Yan'uwanmu na Nijar sun riga mu sabawa da wannan hanya. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, magungunan Faransa suka fi ƙarfin talaka, sai asibitocin gwamnati suka karkata ga jenerik. A can sunan yanka shi ake kira DCI, shi za ka ce likita ya rubuta maka.

Kawu dai ya karɓi nasa da sharaɗin in riƙa zuwa ina auna shi duk Juma'a bayan masallaci. Na yi wata ɗaya ina zuwa, jinin ya sauka ya zauna, don yanzu kullum yake sha. Har yau in ya ga kwalin yakan ce "ɗan Indiyan nan naka", amma bai ƙara ƙetare rana ba.

In akwai dattijo a gidanku mai shan magani kullum, yau da dare ka karɓi ledar magungunansa ka zazzage a tabarma. Ka kwafe ƙananan sunayen da lambobin da ke gabansu a takarda ɗaya, ka duba ko akwai suna ɗaya da ya fito sau biyu, ka ƙirga ƙwayoyin ka ga ko yana sha yadda aka ce. Gobe ka kai takardar famasi ka tambayi farashin kowanne da sunan yankansa.